Tsakanin Goge da Share

"…lafiya lau, amarya. Ya ƙafar? Ya idon? Ya haƙorin da ya rage?"

"Haƙorin yana gaishe ka, ya ce ka matso kusa. Zauna, ango. A'a, ba kan gadona ba, ƙasa. Ɓarawo ba ya hawa gado."

Haka Kaka ta tarbi Yaya da hantsin nan, ko jakar kwamfutarsa bai sauke daga kafaɗa ba. Ni ina tsaye bakin ƙofa da butar shayi, idona a kumbure, don ni na kira shi tun da sassafe na ce ya bar duk abin da yake yi ya zo.

Ga abin da ya faru. Tun da idon Kaka ya yi rauni ta daina iya lalubar waya, sai Yaya, wanda dama aikinsa ke nan, ya haɗa mata wani mataimaki a cikin wayar, irin manhajar nan mai basira da ake kira AI. Ita ta faɗa, shi ya aikata. Kaka ta raɗa masa suna Ɗan-aike. A hannunsa na zuba duk abin da nake tarawa na gidanmu tun ina makaranta, hotuna da muryoyin tsofaffi da sauransu, abin da ya sa Kaka take ce mini Adaka. A ciki akwai hoto ɗaya tak na kakanmu marigayi, mai gyaran agogo, yana zaune a teburinsa da ɗan gilashin nan maƙale a ido. Na takardar kuwa, ruwa ya cinye shi shekarar da rufin ɗaki ya yi yoyo. Wayar da na ɗauke shi da ita ta mutu tuntuni. Wanda ke hannun Ɗan-aike kaɗai ya rage mana a duniya, kuma jiya da yamma ya ɓace.

Yaya ya zauna a ƙasa yana miƙe dogayen ƙafafunsa. "Me na sata kuma?"

"Miji ka sace mini. Ka ga ya fi ka kyau, ya fi ka hanci, shi ne ka turo yaronka ya ɗauke shi."

"Ni? In damu da mutumin da ke kallon duniya da ido ɗaya kamar kaza? Ai taimakon ki na yi na karɓe ki, tsohuwa. Waye ke layi?"

"Layi har bakin titi. Kai ne dai ka fi su naci. Adaka, faɗa masa."

Na ce, "Yaya, cewa ta yi, 'Ɗan-aike, goge mini hoton maigidana, ya yi dishi-dishi.' Shi kuma ya ce, 'An goge.' Ta miƙo mini waya wai in duba mata yadda yake ƙyalli. Na duba, wayam."

Murmushin Yaya ya ɗauke. Ya buɗe kwamfuta a kan cinyarsa, ya yi ta danne-danne, fankar ɗaki tana ta kiɗanta a samanmu. Can ya sauke numfashi.

"Bai tafi ba. Yana cikin kwandon shara. Duk abin da aka jefar, nan yake fara sauka."

Kaka ta dafe ƙirji. "Mijina a kwandon shara! To ciro shi."

"Ba da hannu ake cirowa ba. Ƙofar kwandon ɗaya ce, ta hannun Ɗan-aike."

"Madalla da magini. Ka gina ɗaki ka ba ɓera mabuɗi." Ta lalubo wayar a ƙarƙashin matashi ta kai baki. "Ɗan-ai…"

Ban taɓa ganin Yaya ya yi tsalle irin wannan ba. Ya cafke wayar da hannu biyu ya cusa ta a aljihu.

"Kar ki ce masa komai tukuna!"

"Au, yanzu kuma fashi da rana tsaka?"

"Ki saurara, amarya. Ɗan-aike ba ya ganin kayan aikinsa. Kamar baƙo ne aka tura ɗakin girki, gwangwanaye duk a rufe, ba ya iya buɗewa, ba ya iya shinshinawa. Abin da aka rubuta a jikin kowane gwangwani kawai yake karantawa ya zaɓa. In rubutun ya yi kyau, ya ɗauko sukari. In bai yi ba, ki sha shayi da garin sabulu."

"To waye ya yi rubutun jikin gwangwanin?"

Yaya ya ɗaga kai yana kallon fanka.

"Da kai nake, mai dogon wuya. Fanka ce ta rubuta?"

"Kayan dai ba ni na ƙera ba, na masu ma'ajiyar hotunan ne. Bayanin ne nawa."

"Yawwa. Ɓarawo ya kama kansa." Kaka ta gyara zama, ta jawo ɗankwalinta ta rufe ido da shi. "Daga yanzu ni ce Ɗan-aike. Yau na sauka a mota, ban san gidan nan ba, ban san kowa ba, kai ma ban san ka ba, Allah ya rufa mini asiri. Karanto mini gwangwanayenka."

"Ke da ko a, ba, ca ba ki…"

"Karanto!"

Ya yi gyaran murya. "Na farko sunansa Goge. Bayaninsa: yana goge hoto."

"Ina ji."

"Shi ke nan."

Kaka ta ɗaga gefen ɗankwali ta leƙo shi da ido ɗaya. "Duk takalman da ka cinye a hanyar makaranta, don ka zo ka gaya mini goge yana gogewa?"

"Gajeriyar magana ita ce ta masu ilimi."

"To mai ilimi, wane goge? Na dutsen guga, na takalmi, na majina, ko wanda malami ke yi wa allo? Ni baƙo ne, an ce in goge hoto, ga gwangwani an rubuta goge. Me kake so in ɗauka, tsintsiya? Na biyu."

"Share. Yana share hoto."

"Lallai yau na auri gwani. Share na tsakar gida, share na hawaye, ko irin share da nake yi maka in ka zo da surutu? A cikin biyun nan wanne ke wanke datti, wanne ke jefarwa?"

Sai da Yaya ya sake leƙa kwamfuta kafin ya amsa, kuma ba ta ɓoyu wa Kaka ba ko da idonta a rufe.

"Share ne mai wanke datti. Goge shi ke jefarwa. Ai a fili yake."

"A filin ƙeyarka. Kai da ka haife su sai ka duba kafin ka gane wanne ne babba, ina ga baƙo? Saura nawa?"

"Na kwandon su biyu ne." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kwashe, yana kwashe abin da ke kwando. Fitar, yana fitar da abin da ke kwando."

"Bambancinsu?"

"Fitar yana mayar da hoto wurinsa. Kwashe yana zubar da kwandon gaba ɗaya, ba dawowa."

Na ajiye butar shayi a ƙasa. Kaka ta sauke ɗankwalin daga idonta.

"Wato da na ce masa ya kwaso mini maigidana…"

"Da mun yi ban kwana da shi karo na biyu," in ji Yaya a hankali.

Na ce, "Yaya, ka cire mai zubarwar mana gaba ɗaya."

"A ɗaure suka zo, ƙanwata, ba a raba su. Rubutun jikinsu kaɗai nake iya taɓawa."

Ɗakin ya yi tsit. Amma Kaka ba ta iya barin shiru ya daɗe a ɗakinta, tana cewa shiru yana jawo sauro.

"Ka ga irin mazan yanzu. Maigidana, agogo yake buɗewa, abu kamar ƙwayar gero, bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Wannan kuwa mutum sukutum ya jefa a shara."

"A'a, tsaya nan, tsohuwa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wa ya koya mini magana a gidan nan? Wa ya yi rainona? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke da bakinki, kin taɓa kiran abu da sunansa?"

"Ni? Maganata tsaf take kamar zare a allura."

"Adaka, ke ce mai ajiye tarihi. Faɗa mata zancen kyanwa."

Ba na son shiga tsakaninsu, don duk wanda ya shiga shi ke kwana a ciki. Amma abin da ya faru ya faru, kuma Inna ta ba ni labarin ba sau ɗaya ba. Na ce, "Yaya yana ƙarami, kika ce masa, 'Je ka ɗauko mini abin nan da ke kan abin nan, kusa da abin nan.' Ya dawo rungume da kyanwa."

"Almakashi nake nufi!"

Yaya ya tafa hannu. "Kyanwar tana kan abin nan ko ba ta kai? Tana kusa da abin nan ko ba ta kusa? Har yau ga tabon farcenta a hannuna, ban ga diyya ba."

"Kowane yaro mai hankali ya san almakashi nake nufi."

"Haka ni ma na ce, kowane Ɗan-aike mai hankali ya san goge da nake nufi."

Ya miƙa hannu ya jawo gwangwanin ɗinkinta daga ƙarƙashin gado, ya zaro ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da take farke ɗinki da shi, ya sa mata a tafin hannu.

"To malama, ni ma yau na sauka a mota. Mene ne wannan?"

Kaka ta shafa shi. "Wannan ai abin… abin cire abin nan ne."

"Allahu akbar! Abin cire abin nan! A rubuta da ruwan zinariya!"

"Ja'iri! Miƙo mini sandata."

"Wacce sanda? Ta abin nan?"

Har ni sai da na yi dariya, hawayen jiya yana gangarowa tare da na yau. Kaka ta cije leɓe don kada tata ta fito.

"Laifi tudu ne. Na ji, na taka nawa. Amma ni ba a ba ni kwamfuta ba. Gyara rubutunka, ina nan ina jira, kuma ba wanda zai wuce sai na sa masa hannu."

Ta mayar da ɗankwali kan ido. Yaya ya sunkuya ya yi ta bugawa, ni kuma na zuba musu shayin da ya riga ya huce. Da ya gama ya ɗaga kai yana taƙama.

"Saurari aikin gwani. Wannan kayan aiki ne mai matuƙar muhimmanci, na zamani, wanda aka tsara cikin hikima da ƙwarewa domin sauƙaƙa wa iyalai masu daraja lamuransu na yau da kullum, musamman ta fuskar…"

Kaka ta kwantar da kai a bango ta fara minshari.

"Ban gama ba!"

"Ni na gama. Baƙonka ya yi barci, motar komawa ta tafi ta bar shi. Aike na ce, ko kirari? Ka gaya mini abin da yake yi, ba gidan da aka haife shi ba."

"Ɗazu kin ce ya yi gajere, yanzu kin ce ya yi tsawo. Ke dai ba a iya miki."

"Ɗazu tsirara ka kawo shi, yanzu ka naɗe shi da bargo goma. Sa masa riga daidai jikinsa."

Ya goge, ko in ce ya share, ni ma yanzu tsoron kalmomin nake ji. Ya sake rubutawa.

"Yana ɗauko hoto daga kwandon shara ya mayar da shi inda yake a da."

"To, yanzu na ji ƙamshin magana. Sunansa fa?"

"Fitar."

"Fitar da shara nake cewa kullum in na aiki yaran gidan nan su kai ta bola. Suna linzami ne, ango. Sake masa."

"Dawo da Hoto."

"Ya yi. Amma hoto nawa? In na ce maigidana, zai kwaso mini duk tarkacen da Adaka ta zubar ne, har da naka na yaye mai kunnuwa kamar murfin tukunya?"

"Kunnuwan gado ne, ki tambayi madubi." Amma ya ƙara: hoto ɗaya yake ɗaukowa, kuma sai an gaya masa wanne.

Goge ya koma Jefa a Kwando. Share ya koma Wanke Dattin Hoto, har da ƙarin cewa in an ce hoto ya yi dishi-dishi ko ya yi tabo, wannan ake nufi ko da kalmar goge aka faɗa. Wannan Kaka ta sa masa hannu ba gardama, sai dai ta ce da tun farko haka ya yi, da yanzu yana wurin aikinsa ita kuma tana hutawa da ganin fuskarsa. Sai aka zo kan mai haɗarin.

"Zubar da Kwando. Yana zubar da duk abin da ke cikin kwandon shara, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa har abada. Ba da shi ake ciro hoto ba."

Kaka ta jinjina kai. "Ka kira wuƙa da sunanta. Amma da saura."

"Me kuma? Sai na rubuta da jinina?"

"Ni ce saura." Ta cire ɗankwalin, wannan karon ba wasa a muryarta. "Ka gyara gwangwanayenka, amma mai aiken fa? Gobe ka tafi, ni kuma bakina ba zai canza ba. Abin nan na saba cewa, abin nan zan ce."

"Sai ki koyi magana. Zan sa ki a aji ɗaya, in saya miki jaka."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wancan duk zamanmu bai taɓa ce mini in koyi magana ba, kuma bai taɓa kawo mini kyanwa ba."

"To shi ya yake yi? Duba yake bugawa?"

Kaka ta juya ɗan ƙarfen a hannunta. Ni na sani, don ina da shi a cikin muryoyin da na ɗauka, Inna da Gwaggo duk sun faɗa mini iri ɗaya. Na ce, "In ta ce masa abin nan, sai ya cire gilashin daga idonsa, ya juyo ya ce, 'Wanne daga ciki, uwargida?' Ba ya tashi sai ta faɗa."

"Matambayi ba ya ɓata," in ji Kaka, tana kallon inda taga take.

Yaya ya jawo kwamfutar. Ya sunkuya ya buga wasu layuka, bai karanta mana ba.

"Me ka rubuta?"

"Sirrin maza ne." Ya ciro wayar daga aljihu. "To amarya, ga abin da za ki ce, kar ki ƙara, kar ki rage: Ɗan-aike, dawo da hoton mai gyaran agogo. Maimaita."

"Ɗan-aike, dawo da hoton mai gyaran agogo."

"Sake."

"Ni aku ce? Na ji."

Ya sa mata wayar a hannu. Na matso na durƙusa kusa da gado. Kaka ta riƙe wayar gam. Ta kai baki, ta ja numfashi, duk abin da aka koya mata ya gudu.

"Ɗan-aike… kwashe mini abin nan… na cikin kwando."

Na toshe bakina da hannu biyu. Yaya ya runtse ido. Wayar ta ɗan yi shiru, shirun da ni a wurina ya fi tafiyar yini, sannan muryar ta fito a natse.

"Wanne daga ciki, uwargida? In dawo da wani hoto, ko in zubar da kwandon? Zubarwar ba ta dawowa."

Kaka ta sauke wayar kan cinyarta. Sai ta sake ɗagawa.

"Mai agogon. Dawo mini da shi."

"Ga shi ya dawo."

Na karɓa na duba. Ga shi nan, da teburinsa, da gilashinsa, da dishi-dishinsa duka. Na miƙa mata, ta kai shi har kan hancinta ta daɗe tana kallo, ban san me idon nata ke gani ba. Ta ja gefen ɗankwali ta share ido.

"Ɓarawo," ta ce da Yaya. "Bai ishe ka ka sace mini shi ba, har maganarsa ka sata ka ba yaronka."

"Aro na yi. Kin ga dai ko a kabari ya fi ki iya aike."

"Ya fi ka kyau kuma."

"Wannan sai kin sa gilashi mu yi shari'a."

Ta sa ni na buɗe akwatinta na ƙarfe, na ɗauko wani ƙullin hankici daga can ƙasa. Na san abin da ke ciki, amma ban taɓa ganin ta kwance shi a gaban kowa ba. Agogon hannun kakanmu marigayi ne, fatarsa ta tsage, gilashin ya yi duhu. Ta lalubo hannun Yaya ta danƙa masa.

"Ungo. Ka ci yau, ja'iri, gobe ma rana ce. Ya daɗe a ajiye, ka kai shi ka goge shi."

Yaya ya riƙe agogon da hannu biyu, ya dube shi, ya dube ta. Sai ya karkata kai, ya kai yatsa ido kamar mai cire gilashi.

"Wanne goge daga ciki, uwargida?"

Kaka ta ɗaga sanda, amma dariya ta ci ƙarfinta, har haƙorin da ya rage ya fito ya gaishe shi.